Baba na so in karanta harkar banki a Milan, ni kuma zuciyata na wani wuri

Anti, assalamu alaikum. Shekarata 17, ina ajin ƙarshe na sakandare. Mahaifina ya ƙudura sai na tafi jami'ar Bocconi da ke Milan, a Italiya, na karanta harkar kuɗi da banki, saboda ɗan abokinsa can ya yi karatu kuma yanzu yana aiki a Landan. Ni kuma abin da ke cin raina shi ne in gane me ya sa wasu ƙasashe suke cikin talauci wasu suna cikin wadata, kuma ina son kwamfuta. Lissafina matsakaici ne. Baba ya ce zai sayar da wata kadara ya biya shekarar farko, sauran kuma Allah zai kawo. Mama ba ta iya barci, tana tsoron in lalace a can. Ni ma ina jin tsoron shiga cikin 'ya'yan masu kuɗi in zama abin kallo. Ban san yadda ake neman gurbin ba, kuma ban san yadda zan gaya wa Baba abin da ke raina ba tare da ya ga na raina ƙoƙarinsa ba. Ki ba ni shawara.

Mai neman haske

Wa'alaikumussalam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk lokacin da na karanta, wuri biyu nake tsayawa. Na farko inda kika ce lissafinki matsakaici ne, na biyu inda Baba ya ce zai biya shekarar farko. Ke kina ganin babbar matsalarki ita ce saɓanin da ke tsakaninki da mahaifinki. Ni kuwa ina ganin wannan saɓanin shi ne mafi sauƙin warwarewa cikin duk abin da kika zayyana. Waɗancan biyun su ne za su iya kayar da ke, don haka a kansu zan fi daɗewa.

Mahaifinki bai yi zaɓen tumun dare ba. Bocconi makaranta ce mai tarihi. Wani attajirin ɗan kasuwa, Ferdinando Bocconi, ya kafa ta a 1902 don tunawa da ɗansa Luigi, wanda ya rasa a yaƙin Adwa na 1896, inda dakarun Habasha a ƙarƙashin Sarki Menelik na biyu suka fatattaki sojojin Italiya. Ita ce jami'ar farko a Italiya da ta fara ba da digiri a fannin tattalin arziki. Mario Monti, wanda ya zama firaministan ƙasar a 2011, can ya yi karatu kuma ya daɗe yana shugabantarta. Bankuna da manyan kamfanonin Turai suna zuwa har cikin makarantar su ɗebi ma'aikata. Saboda haka idan Baba ya ga ɗan abokinsa a Landan ya ce 'yarsa ma ta cancanci haka, ƙauna ce ta sa shi faɗa, kuma ki riƙe wannan a ranki duk lokacin da za ki yi magana da shi.

Sai dai sunan makaranta ba shi ne za ki zauna ki karanta har shekara uku ba. Kwas za ki karanta. Digirin farko a can shekara uku ne, kuma akwai kwasa-kwasai da dama da ake koyarwa gaba ɗaya da Turancin Ingilishi, waɗanda ɗalibai ke kira da gajerun sunayensu. Akwai BIEM, na tattalin arziki da sarrafa kamfani, wanda ya fi kowanne faɗi: lissafin kuɗin kamfani, tallata haja, dokar kasuwanci, tsara dabarun kamfani. Akwai BIEF, na tattalin arziki da harkar kuɗi, wanda shi ne Baba yake nufi ko da bai san sunansa ba. Akwai BESS, na tattalin arziki da ilimin zamantakewa, wanda aka gina don masu irin tambayarki. Akwai BEMACS, da ya haɗa tattalin arziki da ilimin kwamfuta. Bayan waɗannan akwai na siyasa da mulki, da na harkar fasaha da al'adu, da na lissafi da ƙirƙirarriyar basira. Akwai kuma wani na shekara huɗu da ake yin shekara ɗaya a Los Angeles, ɗaya a Hong Kong, ɗaya a Milan, amma tsadarsa ta sa ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Kwasa-kwasan nan biyu da zuciyarki ke karkata gare su, BESS da BEMACS, sun fi wanda Baba ke so buƙatar lissafi, ko aƙalla ba su gaza shi ba. Mutane da yawa in sun ji an ce ilimin zamantakewa sai su ɗauka hira za a yi a kan talauci da tarihi. Ba haka abin yake ba. Tambayar me ya sa wata ƙasa take talauci, a irin waɗannan ajujuwa da ƙididdiga ake amsa ta. Za a ba ki bayanan gidaje dubbai, a ce ki gano ko gina makaranta a ƙauye ne ya ƙara wa mutane kuɗin shiga, ko kuwa dama ƙauyukan da suka fi arziki ne aka gina wa makaranta. Raba waɗannan biyun shi ne aikin, kuma kalkulas da aljabara da ilimin yiwuwa su ne kayan aikin. BEMACS kuwa ya ɗora miki rubuta manhaja a kan wannan duka. Wanda yake son kwamfuta don yana jin daɗin amfani da ita daban, wanda zai iya kwana yana neman inda layi ɗaya ya lalata masa manhaja daban. Ki tambayi kanki wacce ce ke a ciki, kuma hanyar sani ita ce ki ɗauki darasin Python, wani harshen rubuta manhaja, na kyauta a intanet ki yi sati huɗu a kai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba don in karya miki gwiwa na faɗi haka ba. Tambayarki tana da gida a wannan makarantar. Eliana La Ferrara, masaniyar tattalin arzikin da ta yi karatu a Bocconi kuma ta daɗe tana koyarwa a can kafin ta koma Harvard, ta sadaukar da rayuwarta ga binciken talauci da ci gaba, musamman a Afirka. Tana cikin waɗanda suka yi binciken nan da ya nuna yadda wasannin kwaikwayo na talabijin a Brazil suka yi tasiri a kan yawan 'ya'yan da mata ke haifa. Kin ga irin aikin: tambaya ce ta rayuwar mutane, amma lambobi ne suka tabbatar da amsar. Idan wannan ya sa zuciyarki bugawa, to kin san inda kika dosa, kuma kin san kuɗin shiga wurin shi ne lissafi.

Bari in ba ki labarin 'yar ƙanwata. Ta yi karatu a wata jami'ar kasuwanci a Turai, ba wannan ba. A sakandare ita ce ta ɗaya a kusan komai, lissafi ne kawai take tsallakewa da ƙyar, ta hanyar haddace yadda ake warware tambayoyin da suka saba fitowa. A zangonta na farko ta kira ni da daddare, tana zaune a ƙasan ɗakinta, takardu baje a gabanta, ina jin ƙarar tiram, jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa ta taga. Ta ce, "Anti, malamin yana rubutu a allo, kowa yana gyaɗa kai, ni ko alamomin ban gane ba." Ta faɗi jarrabawar lissafi sau biyu. Abin da ya cece ta shi ne ta ajiye girman kai ta koma littafin ajin ƙarshe na sakandare, ta bi shi shafi-shafi, awa biyu kowace safiya kafin lakca, har wata biyar. Ta gama lafiya, amma makin shekarar farko ya ja ta ƙasa har ta rasa gurbin musayar ɗalibai da take mafarki. Da ta yi waɗancan wata biyar ɗin tun tana gida, kafin ta hau jirgi, da labarin ya sha bamban. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke kina da abin da ita ba ta samu ba, wato wanda ya gaya miki tun da wuri.

Kuma kalmar "matsakaici" ba hukunci ba ce. Sau da yawa yarinya takan ce lissafinta matsakaici ne don wani babi guda ya wuce ta a aji uku, daga nan komai ya riƙa zame mata. Ki nemo wannan babin.

Yanzu batun Baba. Akwai gada tsakaninku wadda ku biyun ba ku sani ba. Kwas ɗin BIEF ba na banki ba ne zalla. Bayan darussan share fage, ɗalibi yakan zaɓi ɓangaren da zai karkata, ko harkar kuɗi ko tattalin arziki. Wanda ya bi ɓangaren tattalin arziki yana iya wucewa digiri na biyu a fannin ci gaban ƙasashe, yana iya aiki a babban bankin ƙasa, ko ma'aikatar kuɗi, ko cibiyoyi irin Bankin Duniya. Haka kuma wanda ya gama BESS ko BEMACS bankuna ba sa ƙinsa, don masu iya ƙididdiga da manhaja su ake nema ruwa a jallo. Ma'ana, ƙofar da Baba ke so a buɗe miki ba ta rufuwa don kin bi abin da kike so, kuma tambayarki ba ta mutuwa don kin shiga BIEF. Fom ɗin neman gurbin ma yana ba ki damar jera kwas fiye da ɗaya bisa fifiko. Da ni ce ke, zan jira sakamakon gwajin lissafi kafin in jera. In ya yi kyau sosai, BESS a sama, BIEF a biye. In ya tsaya tsaka-tsaki, BIEF a sama da niyyar bin ɓangaren tattalin arziki.

Akwai abu ɗaya da ba ki ambata ba amma na san zai zo miki. Karatun harkar kuɗi a Turai a kan kuɗin ruwa aka gina shi, tun daga darasin farko. Koyon yadda tsarin yake aiki abu ne, zaɓen inda za ki yi aiki da iliminki wani abu ne, kuma masu tafiyar da bankunan Musulunci ma sai sun san wannan tsarin ciki da waje. Amma ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa ki tattauna wannan tun yanzu, don kada ya zame miki damuwa a tsakiyar karatu.

Hanyar neman gurbi ba ta da rikitarwa, sai dai tana da lokaci, kuma ba ta jiran kowa. Abu biyu ake aunawa. Na ɗaya jarrabawar shiga, wadda za ki iya yin SAT ko ACT, jarrabawoyin shiga jami'a na Amurka, ko kuma jarrabawar makarantar da ake yi ta intanet, mai tambaya 50 cikin minti 75, a kan lissafi, fahimtar rubutu da tunani mai zurfi. Minti ɗaya da rabi ke nan ga kowace tambaya, kuma amsar da ba daidai ba tana rage maki, don haka ki yi hattara da cankar amsa. Na biyu makin sakandare, kuma ki lura, ba na shekarar ƙarshe ba, na shekaru biyun da suka gabace ta. Jarrabawa tana ɗaukar kashi 55 cikin 100, makin makaranta kashi 45. Wannan yana nufin rabin labarinki an riga an rubuta shi a takardun sakamakon da ke ofishin makarantarku. Ki je ki karɓo su wannan makon ki duba. Rabin da ya rage a hannunki shi ne jarrabawa. Idan kina tunanin neman wasu makarantu, SAT ta fi, don ana karɓarta a wurare da yawa.

Ana ɗibar ɗalibai zagaye-zagaye. Zagayen farko yana rufewa kusan shekara guda kafin a fara karatu, wajen watan Satumba, na biyu kuma wajen Janairu. Mafi yawan gurabe a waɗannan biyun suke tafiya. Wanda ya jira zagayen ƙarshe yana rububin abin da ya rage ne. Za a kuma nemi shaidar ƙwarewa a Turanci, kuma dokar Italiya ta ce sai mutum ya yi aƙalla shekara 12 a makaranta kafin ya shiga jami'a. Bayan an ba ki gurbi za ki yi rajista a shafin gwamnati mai suna Universitaly, ki sa a tantance takardar kammala sakandarenki, sannan ki nemi bizar karatu a ofishin jakadancin Italiya. In kin sauka, cikin kwanakin aiki 8 dole ki nemi takardar izinin zama, wadda ake cike fom ɗinta a gidan waya sannan 'yan sanda su ɗauki hoton yatsunki. Kada ki biya wani dillali da ya ce yana da hanya a ciki. Duk matakan nan da kanki za ki iya yin su a shafin makarantar, kuma gurbin ba na sayarwa ba ne.

Sai maganar da ta fi tsaya mini a wuya. Bocconi jami'a ce mai zaman kanta. Kuɗin makaranta ya haura yuro 15,000 a shekara, kuma yakan ɗan ƙaru. Milan kuwa tana cikin biranen da suka fi tsadar haya a Italiya. Ɗaki ɗaya a gidan da za ki raba da wasu ɗalibai yana iya cin yuro 700 a wata ko fiye, ban da abinci, inshorar lafiya, littattafai, kayan sanyi da tikitin jirgi. Makarantar tana da gidajen kwanan ɗalibai, amma gadajen ba su kai yawan masu nema ba. Ki haɗa wannan ki ninka sau uku. Baba ya ce sauran Allah zai kawo, kuma gaskiya ne Allah ne mai kawowa, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Na ga yaran da suka yi shekara ɗaya da rabi suka tsaya, ba digiri, ba kadara, kuma takardar izinin zama tana neman shaidar kuɗi da shaidar cin jarrabawa kafin a sabunta ta. Wannan ciwon ya fi rashin zuwa gaba ɗaya zafi, ga yaron da ga iyayen.

Kada ki sa a ranki cewa aiki zai cike giɓin. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 20 a mako, kada ya wuce awa 1,040 a shekara. Wannan yana iya ɗaukar abinci da kuɗin mota, ba zai ɗauki kuɗin makaranta ba, kuma yawancin irin aikin sai da Italiyanci. A shekarar farko ma, in kina fama da lissafi, waɗannan awanni ba naki ba ne da za ki sayar.

Abin da zai iya cike giɓin shi ne tallafi. Makarantar tana yafe wani ɓangare na kuɗin makaranta, wani lokaci duka, ga waɗanda suka nuna ƙarancin hali ko suka yi fice, kuma akwai tallafin da ke zuwa ta hannun gwamnatin yankin Lombardiya, inda Milan take. Amma neman tallafi daban yake da neman gurbi, yana da nasa wa'adin, kuma yana buƙatar takardun kuɗin shigar iyali da na kadarori, a fassare kuma a tantance. Haɗa waɗannan takardu yana cin makonni. Nan ne za ki buƙaci Baba ya buɗe miki lissafinsa, abin da iyaye maza da yawa ba sa son yi a gaban 'ya'yansu. Ki bi a hankali.

Ki kuma nemi wata makaranta a gefe. Jami'ar tattalin arziki da kasuwanci ta Vienna, a Ostiriya, ta gwamnati ce, tana da digirin farko da Turanci, kuma ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana biyan abin da bai kai yuro 800 ba a zango, kodayake gurabenta kaɗan ne kuma sai an ci jarrabawar shiga. A cikin Italiya kanta, jami'o'in gwamnati irin na Bologna suna da kwasa-kwasan tattalin arziki da Turanci, kuma kuɗinsu ya danganta da halin iyali. Ɗalibai da yawa suna yin digirin farko a irin waɗannan wurare sannan su shiga Bocconi a digiri na biyu, na shekara biyu, lokacin da sunan makarantar ya fi amfani wajen neman aiki. Wannan hanyar ba faɗuwa ba ce, kuma wataƙila ita ce za ta bar wa Baba kadararsa.

Yadda za ki yi masa magana kuwa, kada ki fara da "ba na so". Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, Mama tana wurin, ki fara da godiya, don ya cancance ta. Ki zo da takarda ɗaya a hannu: jerin darussan BIEF da na BESS gefe da gefe, wa'adin kowane zagaye, da jimillar kuɗin shekara uku. Ki ce, "Baba, na bincika abin da ka zaɓa mini, ga abin da na gano, ina so ka duba tare da ni." Uban da ya ga 'yarsa ta ɗauki burinsa da muhimmanci har ta zauna ta yi masa lissafi, yakan saurara. In maganar kuɗin ta yi miki nauyi a baki, ki sa kawu ko wani babba da yake jin maganarsa ya taya ki. Ki roƙi Baba kuma ya sa ɗan abokin nasa ya kira ki. Ki tambaye shi awa nawa yake aiki a mako, nawa karatun ya ci gaba ɗaya, da kuma mutum nawa cikin ajinsu suka samu irin aikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na bar tsoron Mama da naki zuwa nan, ba don na raina su ba. Na taɓa shiga tsohon ginin makarantar a titin Sarfatti. A zauren shiga akwai gumakan zakuna biyu, kuma na tsaya ina kallon ɗalibai suna ta kwarara, kowa yana ratsewa ta gefe, ba mai bi ta tsakaninsu. Camfin da suke yi shi ne duk wanda ya ratsa tsakanin zakunan kafin ya gama ba zai gama ba. Yara masu karanta ƙididdiga, masu iya lissafa yiwuwar komai, ga su suna kauce wa gumaka. Abin da na karanta a fuskokinsu shi ne tsoro. Waɗanda kike ganin za su mai da ke abin kallo, su ma a tsorace suke.

Gasa ita ce iskar da ake shaƙa a wurin. Ana ba da maki daga 18, wanda shi ne cin jarrabawa, zuwa 30, kuma akwai 30 da yabo ga wanda ya yi fice. Digirin kansa ana auna shi a kan 110. Matsakaicin makinki shi ke yanke ko za ki samu zuwa musayar ɗalibai a wata ƙasa, kuma shi kamfanoni ke fara dubawa. Tun shekarar farko za ki ji ana maganar neman gurbin sanin makamar aiki a bankunan Landan, ana shiga ƙungiyoyin ɗalibai na harkar hannun jari waɗanda su ma sai an yi miki tambayoyi kafin a ɗauke ki. Wannan guguwar tana da ƙarfi, 'yata. Yarinya takan shiga da tambaya a kan talauci, bayan wata shida ta tsinci kanta tana neman aikin da ba ta taɓa so ba, don kawai kowa shi yake nema. Ni wannan nake ji miki tsoro fiye da abin da Mama ke tsoro. Ki rubuta dalilin zuwanki a takarda, ki ajiye inda za ki riƙa gani.

'Ya'yan masu kuɗi kuwa suna nan, ba zan ɓoye miki ba. Za ki ga jakar da kuɗinta ya kai hayar ɗakinki na wata uku, za ki ji ana shirya tafiya wasan ƙanƙara a ƙarshen mako. Amma akwai kuma ɗaruruwan da suke can da tallafi, 'ya'yan malamai da ƙananan ma'aikata daga kudancin Italiya, daga gabashin Turai, daga Turkiyya da Indiya, masu dafa abincinsu su zuba a roba su ci a laburare. Ki neme su. A aikin rukuni ba a tambayar wa ya haife ki, ana tambayar ko kin gama ɓangarenki. Kada ki ci bashi don ki yi kama da kowa.

Ga Mama, ki gaya mata gaskiyar yadda zaman yake, don jita-jita ta fi gaskiya ban tsoro. Makarantar tana kusa da unguwar Navigli mai magudanan ruwa, inda da yamma ɗalibai ke taruwa don abin da suke kira aperitivo, wato a sayi abin sha a ci ɗan abinci ana hira. Giya tana cikin al'adar, kuma yawancin abota a nan ake ƙulla ta. Kina iya zama ki ce analcolico, a kawo miki abin sha marar giya, ki tashi da wuri, kuma mafi yawan mutane ba za su damu ba in kin faɗi matsayinki sau ɗaya ba tare da kame-kame ba. Inda zuciyarki ba ta kwanta ba kada ki je. Naman alade yana cikin abincin Italiya da yawa, don haka ki koyi kalmar maiale, da kuma strutto, kitsen alade da ake sakawa a wasu burodi. Milan tana da Musulmi masu yawa, akwai mahautan halal a wajen titin Padova, akwai wuraren sallah a cikin gari, kuma masallacin Segrate da ke bayan gari, wanda aka buɗe a 1988, yana da hasumiya da ƙubba. Masu hijabi suna karatu a jami'o'in garin. Wani lokaci za a kalle ki a tiram, wani lokaci a yi miki tambayar da za ta ɓata miki rai. Wannan zai faru, kuma za ki iya ɗauka.

Abin da ke lalata yara a waje, a abin da na gani, kaɗaici ne ya fi yawa. Watan Disamba, rana ta faɗi kafin ƙarfe biyar, hazo da sanyi, kin faɗi jarrabawa, kina jin kunyar gaya wa gida saboda kin san abin da aka sayar. A irin wannan daren ne mutum yake kama duk hannun da aka miƙo masa. Maganinsa a shirya shi tun kafin tafiya: lokacin kiran Mama da ba ya canzawa, ƙawaye biyu ko uku masu irin tarbiyyarki da za ki nema tun makon farko, da alkawari tsakaninki da iyayenki cewa mummunan sakamako ma za ki faɗa, ba za a yi miki faɗa ba sai an saurare ki. Ki nemi wannan alkawarin daga bakin Baba kansa. Ki kuma fara koyon Italiyanci tun yanzu, ko minti 20 a rana, don aji ne kawai yake da Turanci. Mai gidan haya, likita da ɗan sandan da zai duba takardunki da harshensu za su yi miki magana.

Ranar Asabar mai zuwa ki sauke cikakken gwajin SAT na kyauta daga shafin masu shirya ta, ki kashe waya, ki sa agogo, ki yi shi kamar a ɗakin jarrabawa. Ki rubuto mini makin da kika samu a ɓangaren lissafi, da irin tambayoyin da suka kayar da ke, da abin da Baba ya ce bayan ya ga jimillar shekara ukun. Daga nan za mu jera kwasa-kwasan tare. Ki gaishe mini da Mama.